Su Wa Suka Fara Taka Nahiyar Amurka? Tambayoyi da Amsoshi

A makaranta an koya mana cewa Kolumbus ne ya gano Amurka a 1492. Amma da ya sauka, mutane ya tarar, da gonakinsu da harsunansu da sarakunansu. Masarar da muke tuwo da ita, da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono, duk kakannin waɗannan mutane ne suka fara noma su. To su kuma yaushe suka isa can, ta wace hanya, kuma me aka tono a ƙasa da ke tabbatar da hakan? Idan an ce Amurka a nan, nahiyar ake nufi gaba ɗaya, daga Alaska har ƙarshen Chile.

Daga ina mutanen farko suka fito?

Daga arewa maso gabashin Asiya, yankin da yau ake kira Saberiya a ƙasar Rasha. Wannan shi ne ɓangaren zancen da masana ba su cika jayayya a kansa ba. Haƙora, ƙasusuwa, kayan aikin dutse da ƙwayoyin gado na DNA duk can suke nunawa. Tun a 1590 wani limamin Kirista ɗan Sifaniya, José de Acosta, wanda ya yi shekaru a Peru, ya rubuta cewa mutanen nan da ƙafa suka shigo daga Asiya ta wani wuri a can arewa, alhali a lokacin ba wanda ya zana taswirar wurin.

Da ƙafa? Ai akwai teku tsakanin Asiya da Amurka.

Yanzu ne akwai. Mashigin Bering da ya raba Rasha da Alaska faɗinsa kusan kilomita 85 ne, zurfinsa kuwa bai wuce mita 30 zuwa 50 ba. A lokacin da zamanin ƙanƙara na ƙarshe ya yi tsanani, tsakanin shekara 26,000 da 19,000 da suka wuce, ruwan duniya mai ɗimbin yawa ya daskare a kan tudu, teku ta ja baya da kusan mita 120. Sai ƙasan mashigin ya fito fili ya zama dajin ciyawa.

Ana yawan kiran wurin gada, kuma kalmar tana ruɗa mutane. Ƙasa ce da faɗinta daga arewa zuwa kudu ya kai kilomita 1,600, fiye da nisan Legas zuwa Katsina. Masana suna kiranta Beringiya. Akwai sanyi da iska, amma saboda ƙarancin ruwan sama ƙanƙara ba ta lulluɓe ta ba, dawakin daji da ɓauna da giwaye masu gashi suna kiwo a cikinta. Maharbin da ya bi su bai san ya bar wata nahiya ya shiga wata ba. Kuma mutane sun iya zama da irin wannan sanyi tun da wuri: a bakin kogin Yana, can ƙuryar arewacin Saberiya, an tono sansanin maharba mai kusan shekara 32,000, har da alluran ƙashi na ɗinka tufafin fata.

Yaya ake sanin shekarun abin da aka tono?

Hanyar da aka fi amfani da ita awon kabon ne. Duk mai rai yana ɗaukar wani nau'in kabon da ake kira kabon-14 daga iska ko abinci. Idan ya mutu, sai ya daina ɗauka, wanda ke jikinsa ya fara zubewa: bayan shekara 5,730 rabi ya tafi, bayan wasu 5,730 rabin abin da ya rage ya tafi. Auna abin da ya saura a gawayi ko ƙashi ko ƙwayar iri shi ke ba da shekarun. Willard Libby ne ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1940, ya samu kyautar Nobel a 1960. Tana aiki har zuwa kusan shekara 50,000. Akwai wata hanyar kuma da ke auna ranar ƙarshe da ƙwayar yashi ta ga hasken rana kafin ƙasa ta rufe ta.

Awo kaɗai ba ya isa. Kafin a yarda da wuri ana neman abu uku: abin da ba shakka hannun mutum ne ya yi shi, a cikin shimfiɗar ƙasar da ba a hargitsa ba, tare da shekarun da awo daban-daban suka yi daidai a kansu. Kusan duk rigimar da za ka karanta a ƙasa, ɗaya daga cikin ukun nan ne ake tuhuma.

Wace shaida ce ta fara gamsar da masana cewa mutane sun daɗe a can?

Har farkon ƙarni na 20, manyan masana irin su Aleš Hrdlička na cibiyar Smithsonian sun tsaya kai da fata cewa mutum bai wuce 'yan shekaru dubbai kaɗan a Amurka ba. Wanda ya fara karya wannan magana makiyayi ne baƙar fata, George McJunkin, wanda aka haifa cikin bauta a Texas. A watan Agustan 1908 ambaliya ta afka wa garin Folsom a jihar New Mexico ta ƙasar Amurka. Yana kewaya kan doki yana duba shingen gonar kiwo, sai ya ga manyan ƙasusuwa a jikin kwazazzabon da ruwa ya zaftare. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin shanu da ɓauna ya gane nan take cewa waɗannan sun fi na kowace ɓauna da ya sani girma. Ya yi shekaru yana gaya wa mutane. Ya rasu a 1922 ba tare da wani masani ya je ya duba ba.

A 1926 gidan tarihi na Denver ya fara tono a wurin. A 1927 aka samu tsinin mashi na dutse kwance tsakanin haƙarƙarin wata ɓauna irin wadda ta ƙare a duniya tun ƙarshen zamanin ƙanƙara. Sai suka yi hikima, ba su ɗaga shi ba. Suka bar shi yadda yake cikin ƙasa, suka aika wa masana saƙon waya cewa su zo su gani da idonsu. Gani ya kori ji. Ina ganin ya kamata sunan McJunkin ya riƙa zuwa a gaba duk lokacin da aka ba da wannan labari, domin idonsa ne ya fara gani.

Mene ne Clovis da ake yawan ambata?

Sunan wani gari ne a New Mexico. Kusa da shi, a Blackwater Draw, aka tono a farkon shekarun 1930 wasu tsinayen mashi da suka fi na Folsom girma da tsufa, tare da ƙasusuwan giwa mai gashi. Alamarsu ita ce ɗan kwarin da ake ferewa daga gindi a fuska biyu don a ɗaura a jikin sanda. An samu irinsu daga kudancin Kanada har Amurka ta Tsakiya, kuma awo ya sa su tsakanin shekara 13,050 da 12,750 da suka wuce.

Daga nan aka gina labari mai daɗin ji. Manyan tulin ƙanƙara biyu sun rufe Kanada, ɗaya daga gabas ɗaya daga duwatsun yamma. Da duniya ta fara ɗumi sai suka rabu, lungu ya buɗe tsakaninsu, maharban Clovis suka bi ta ciki suka bazu kudu. Kusan shekara 60 wannan ne karatun. Duk wanda ya zo da wurin da ya ce ya girmi Clovis, ya sha suka. Jacques Cinq-Mars, wanda ya yi tono a kogunan dutse na Bluefish a yankin Yukon na Kanada daga 1977 zuwa 1987, ya ce ƙasusuwan da ya samu masu alamar yanka sun kai shekara 24,000, aka yi ta yi masa dariya a taruka. Sai a 2017 sabon awo a kan muƙamuƙin doki daga wurin ya ba da wannan adadi, ko da yake har yanzu akwai masu tambaya ko wuƙar mutum ce ta yi zanen.

To me ya rushe ra'ayin cewa Clovis ne na farko?

Monte Verde, a kudancin Chile kusa da Puerto Montt, sama da kilomita 14,000 daga mashigin Bering. Tom Dillehay ya fara tono a can a 1977, a bakin wani rafi mai suna Chinchihuapi. Sa'ar da aka yi ita ce taɓo ya rufe wurin ya hana iska shiga, sai abubuwan da ke ruɓewa a ko'ina suka tsira: turakun bukka, igiya da ƙullinta, murhu, dankalin daji, guntun naman wata dabba dangin giwa, da sawun ƙafa a laka. Daga baya aka gane nau'in ciyawar teku har tara, wasu an tauna su, abin da ke nuna mutanen sun san bakin teku da abin da ake ci ko ake magani da shi a can. Awo ya ba da kusan shekara 14,500.

Shekara 20 Dillehay yana kare aikinsa. A 1997 tawagar masana, har da masu adawa da shi, suka je suka duba wurin da kayan, suka amince. Lissafin a bayyane yake: idan mutum yana zaune a ƙarshen kudu shekara 1,500 kafin Clovis, to kakanninsa sun shigo ta arewa tun kafin nan da daɗewa. Har yau akwai masu sake tayar da gardama a kan shekarun Monte Verde, sai dai yanzu ba shi kaɗai ne ke ɗauke da kayan ba. A kogon Paisley na Oregon an samu busasshen bayan gidan mutum mai kusan shekara 14,300. A Page-Ladson na Florida, mita 9 ƙarƙashin kogin Aucilla, masu nutso sun fito da wuƙar dutse kusa da hauren wata dabba dangin giwa da aka yanka, shekara 14,550. A bakin rafin Buttermilk na Texas, sama da guntayen dutse 15,000 da aka sassaƙa suna kwance a ƙarƙashin shimfiɗar Clovis. A Cooper's Ferry na Idaho awo ya kai kusan shekara 16,000.

Me ya sa ake ta maganar sawun ƙafa na White Sands?

Domin game da dutse ana iya cewa faɗowa ya yi ya fashe da kansa, game da gawayi ana iya cewa gobarar daji ce, amma sawun ɗan Adam ba ya kama da na kowa. White Sands fili ne na farin yashi a New Mexico, inda a da akwai tabki mai suna Otero. A 2021 Matthew Bennett da abokan aikinsa suka ba da rahoton sawu 61 a shimfiɗu daban-daban na tsohon bakin tabkin, galibinsu na yara da matasa. Ƙwayoyin irin wata ciyawar ruwa da ke sama da ƙasan sawun sun ba da shekara 23,000 zuwa 21,000. Wato daidai lokacin da ƙanƙara ta toshe Kanada gaba ɗaya.

Masu suka sun kawo hujja mai ƙarfi. Ciyawar ruwa tana shan kabon ɗin da ya narke daga tsofaffin duwatsu, saboda haka awo kan ba ta shekarun da ba nata ba, wani lokaci har dubbai. Masu binciken ba su yi fushi ba, suka koma bakin aiki. A 2023 suka tace garin furen itatuwan tudu, kusan ƙwaya 75,000 a kowane awo, wanda bai taɓa shan ruwan tabkin ba. Shekarun suka fito daidai da na farko. Awon hasken yashi ya nuna aƙalla shekara 21,500. A 2025 wata tawaga ƙarƙashin Vance Holliday ta auna lakar tabkin, ta samu abin da ya yi daidai da su. Ni dai wannan ya gamsar da ni. Abin da masu shakka ke riƙe da shi yanzu shi ne ba a samu ko tsinin mashi ɗaya ko murhu na wancan zamani a wurin ba.

Akwai wani layin sawu a filin da nake yawan tunawa, ko da yake ba ya cikin waɗanda aka auna ɗin. Mutum ɗaya ne, mace ko saurayi, ya yi tafiyar sama da kilomita ɗaya da rabi cikin sauri a laka mai santsi, ɗauke da ƙaramin yaro. Can da can sai a ga ƙananan sawu inda ya sauke yaron ya huta. Daga baya ya dawo ta hanyar. Tsakanin zuwa da dawowa, giwa ta ƙetare sawun, haka ma wata ƙatuwar dabba mai manyan farata da ake kira sulot, wadda sawunta ya nuna ta tsaya ta juya a wurin.

Idan ƙanƙara ta toshe hanya, ta ina suka bi?

Bincike ya nuna lungun tsakiyar Kanada bai gama buɗewa ba sai wajen shekara 14,000 zuwa 13,000 da suka wuce, kuma ko da ya buɗe sai da ya ɗauki lokaci kafin ciyawa da namun daji su kama. Ya makara ga mutanen Cooper's Ferry da Monte Verde. Shi ya sa yawancin masana suka koma ga bakin tekun Fasifik, ra'ayin da Knut Fladmark ya kawo tun 1979. Gaɓar tana da kifi da tsuntsaye da dabbobin ruwa da dazukan ciyawar teku tun daga Japan har Kalifoniya. A tsibirin Calvert na Kanada an samu sawu 29 masu shekara 13,000. A tsibirin Santa Rosa na Kalifoniya akwai ƙasusuwan mutum masu irin waɗannan shekaru, kuma ko a lokacin sai da jirgin ruwa ake isa can.

Matsalar ita ce tsohuwar gaɓar tana ƙarƙashin teku yanzu, kuma jirgin itace ko na fata ruɓewa yake yi. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a yankin da yau yake jihar Yobe, mai sama da shekara 8,000, yana cikin mafi tsufa da aka taɓa samu a duk duniya, kuma laka mai danshi ce ta adana shi. Samun wanda ya ninka shi tsufa sai babbar sa'a.

Mutanen White Sands kuwa, mai yiwuwa kakanninsu sun wuce kudu tun kafin ƙanƙarar ta haɗe.

Me DNA ke cewa?

Ya ce 'yan asalin Amurka gaurayen zuriya biyu ne: mutanen gabashin Asiya, da wasu tsofaffin mutanen arewacin Saberiya. An gane ta biyun daga ƙashin wani yaro da aka binne a Mal'ta kusa da tabkin Baikal shekara 24,000 da suka wuce. Alamu sun nuna jama'ar sun keɓe tsawon dubban shekaru, wataƙila a Beringiya, sannan suka yaɗu kudu da sauri wajen shekara 16,000 da suka wuce, suka rabu reshen arewa da na kudu. Karnukansu ma daga Saberiya suka taho da su. Mutanen Inuit na Alaska da Kanada da Girinlan sun zo daga baya sosai.

A nan ne ƙullin yake. Tsakanin 16,000 na DNA da 23,000 na White Sands akwai giɓin shekaru dubu bakwai. Ko dai masu sawun nan jama'a ce ƙarama da ta ƙare ba ta bar zuriya mai yawa ba, ko kuwa lissafin shekarun da ake yi da DNA ne ke buƙatar gyara. Wanda ya ce mutane suna Amurka aƙalla shekara 16,000 yana kan tudun mun tsira. Wanda ya ce sama da 21,000 yana da hujja mai kyau a hannu.

An ce akwai wuraren da suka kai shekara 30,000, har ma 130,000.

An faɗa. A kogon Chiquihuite na Meziko, rahoton 2020 ya ambaci duwatsu kusan 1,900 da aka ce sassaƙaƙƙu ne, wasu sun kusa shekara 30,000. Masu suka na ganin ɓaraguzan rufin kogon ne. A Pedra Furada na Barazil, Niède Guidon ta yi shekaru tana kare adadi mafi girma, sai a 2016 aka nuna cewa biran yankin suna buga dutse da dutse su fitar da ɓalli mai kama da na mutum. Ƙasusuwan dangin giwa na Cerutti kuwa, waɗanda aka samu a 1992 ana aikin titi a San Diego, aka ce a 2017 mutane ne suka fasa su shekara 130,000 da suka wuce, kaɗan ne suka yarda. A ganina hujjar ba ta kai girman maganar ba.

Ba za a ce Turawa ko 'yan Afirka ne suka riga zuwa ba?

Dennis Stanford da Bruce Bradley sun ce tsinayen Clovis sun yi kama da na wasu maharban Faransa da Sifaniya, don haka ta Atlantika aka zo. Amma waɗancan sun shuɗe dubban shekaru kafin Clovis, kuma DNA na yaron Anzick, wanda aka binne a Montana da kayan Clovis sama da 100 da aka barbaɗa wa jar ƙasa, ya nuna a 2014 cewa ɗan'uwan 'yan asalin Amurka ne na yau, tushensa Asiya.

Mu kuma labarin da ya fi jan hankalinmu shi ne na Mali. Wani Balarabe masanin tarihi, Al-Umari, ya rubuta cewa Mansa Musa, da ya yada zango a Alƙahira a 1324 kan hanyar hajji, ya ce sarkin da ya gabace shi ya shiga tekun Atlantika da jirage 2,000 bai dawo ba. Labarin yana rubuce, amma ba a tono komai a Amurka da ke nuna sun isa ba. Manyan kawunan dutse na tsohuwar al'ummar Olmec a Meziko da ake cewa fuskokin 'yan Afirka ne, aikin mutanen wurin ne, kuma sun girmi daular Mali da kusan shekara 2,000. Baƙin da ƙasa ta tabbatar da zuwansu kafin Kolumbus su ne mutanen arewacin Turai da suka sare itace a L'Anse aux Meadows na Kanada a 1021. Su ma mutane suka tarar.

Su ne suka ƙarar da manyan dabbobin?

Sama da jinsi 30 na manyan dabbobi sun ɓace a Amurka ta Arewa a ƙarshen zamanin ƙanƙara, har da doki da raƙumi, waɗanda asalinsu can ne kafin su ƙetara Asiya su iso mana. Paul Martin ya ɗora laifin a kan maharba. Wasu sun ɗora a kan sanyin da ya dawo ba zato tsakanin shekara 12,900 da 11,700 da suka wuce. Idan White Sands ya tabbata, mutane da dabbobin sun zauna tare kusan shekara 10,000, abin da ke raunana zancen kisan kiyashi na farat ɗaya.

Su 'yan asalin Amurkan me suke cewa?

Al'ummomi da dama suna da nasu tarihin baka da ke cewa a ƙasarsu aka yi su. Kuma suna da dalilin yin kaffa-kaffa da masu tono, domin an kwashe ƙasusuwan dubban kakanninsu an jibge a gidajen tarihi ba da izininsu ba. Sai a 1990 ƙasar Amurka ta kafa dokar mayar musu da su.

A 1996 wasu ɗalibai biyu suka tsinci ƙoƙon kai a bakin kogin Columbia, kusa da garin Kennewick a jihar Washington. Namiji ne mai kusan shekara 8,500 a ƙasa, da guntun mashi a ƙugunsa. Ƙabilun yankin, Umatilla da Yakama da Nez Perce da Colville da Wanapum, suka ce kakansu ne, a ba su su rufe shi. Wasu masana suka ce siffar kansa ba ta 'yan asalin wurin ba ce, suka kai ƙara, kotu ta ba su gaskiya a 2004. A 2015 binciken DNA da aka yi a Kopenhagen ƙarƙashin Eske Willerslev ya nuna cewa ya fi kusa da 'yan asalin Amurka fiye da kowace al'umma a duniya, kamar yadda ƙabilun suka faɗa tun ranar farko. An mayar da yaron Anzick kabari kusa da inda aka same shi a watan Yunin 2014, dattawan ƙabilu da masu binciken suna tsaye tare. Mutumin Kennewick kuwa sai a watan Fabrairun 2017 aka miƙa shi, bayan sama da shekara 20, suka binne shi a wurin da ba su bayyana wa kowa ba.